Ranar da adireshina ya cinye biyan Gwaggo

Da aka ce kowa ya kawo rubutunsa don wannan ɗan littafi namu, niyyata in kawo gajeren labari kamar yadda na saba. Sai wani abokinmu ya ce gara in ba da labarin abin kunyar da na yi bara, ko wani ya tsira da shi. Na ƙi, na ƙi, daga baya na ga gaskiyarsa. Wanda ba ɗan sashen kwamfuta ba ne, don Allah kada ya tsallake shafin nan. Ba lissafi a ciki, maganar kwatance ce kawai.

Ni ɗan Zermu ne. Ranar da na fara shigowa Damagaram ni kaɗai, bayan na ci bak, ga kwatancen gidan kawuna da Baba ya ba ni: in na sauka tasha in hau kabu-kabu zuwa Birni, in wuce fada, in shiga lungu na biyu, zan ga mai shayi gindin bedi, to ƙofar da ke kallon teburinsa ita ce. Na wuce fada, na shiga lungu, ba bedi ba mai shayi. Ashe an sare icen da daɗewa, mai shayin kuma ya koma Sabon Gari. Na yi ta zagaye tsakanin duwatsun Birni da jaka a ka har la'asar, sai da wata tsohuwa ta tambaye ni ɗan gidan wane ne, ta haɗa ni da yaro. Baba bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ranar da ya zo shi ya faɗa mini. Ya dai ɗaure gidan ne a jikin abin da ke tashi. Na yi masa dariya a zuci ranar nan. Shekara uku bayan haka na yi wanda ya fi nasa muni, kuma ni da kwamfuta na yi.

A wani ƙauye kusa da mu akwai bankin cimaka, irin wanda kuka sani: a sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, a zuba a sito, in damina ta yi tsakiya rumbuna sun ƙare sai a ba mutane bashi, su maido bayan girbi. Duk lissafin cikin kaye ɗaya yake, hannun wani dattijo da idonsa ya fara rauni. Ni da abokina muka ce mu mai da wannan aikinmu na ƙarshen shekara. Shi zai rubuta manhajar da za a sa a salular sabon sakatare, ni kuma in kula da uwar kwamfutar da bayanan za su zauna a ciki, tare da hanyar da salula za ta riƙa magana da ita.

Wannan hanyar ita ce a aji ake kira API. Ku ɗauke ta kamar jerin gishe a wata ma'aikata. Ba ka shiga ciki ka buɗe kabad da kanka. Taga kake zuwa, ka faɗi abin da kake so, a miƙo maka. Kowace taga kuma tana da adireshinta, irin dogon rubutun nan da kuke gani a saman shafin intanet, mai karan tsaye-tsaye a karkace. Bambancin kawai shi ne masu zuwa waɗannan tagogin manhajoji ne, ba mutane ba. Da wannan na ruɗi kaina. Na ce tunda na'ura ce za ta karanta, ko me na rubuta daidai ne.

Ga kaɗan daga sunayen da na raɗa wa tagogina, ban canza ko harafi ba: /listeMembres, da /kawoBashi, da /kawoBashi2, da /kawoBashi2_sabo, da /ajouterHatsi. Rabi Faransanci rabi Hausa, wani da babban baƙi a tsakiya, wani da layi a ƙasa, duk yadda na tashi da safe. Abokina ya kan kira ni da dare ya ce, “Kai aboki, tsakanin na biyu da na biyu sabo wanne ne mai rai?” In ce masa gwada duka ka gani. Wallahi wata rana ni kaina sai da na buɗe rubutun na duba kafin in ba shi amsa. Daga baya na gaji da ƙirƙirar suna, na yi taga guda mai yin kome da kome, na sa mata /aiki, sai ka gaya mata abin da za ta yi a wutsiyar adireshin. In kana son ganin biya na 47, /aiki?yi=nuna&n=47. In kana son share shi, /aiki?yi=goge&n=47. Har ina alfahari da dabarar.

Kaka ta yi, mutane suka fara maido hatsi, sakatare yana shigarwa a salula. Muna nan Damagaram muna kallon lambobi suna hawa, muna ji kamar mun ƙera jirgi. Wata Asabar da dare abokina ya aiko mini saƙo a manhajar da muke hira, ya ce sakatare ya yi kuskure wajen shigar da wani biya, yana so ya ƙara masa maɓallin sharewa, yaya adireshin yake? Kuran ya tafi, ina kwance a tabarma, na rubuta masa cikakken adireshin daga farko har ƙarshe, na sa 47 a matsayin misali don ita ce lambar da ta faɗo mini. Na aika, na yi barci. Shi bai taɓa adireshin ba, ni ma ban taɓa ba.

Bayan sati uku aka yi taron kwamiti a dandalin ƙauyen, aka karanta sunayen waɗanda ba su maido bashi ba. Cikinsu har da Gwaggo, ƙanwar Babana, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta ɗauki tiya 20 a watan Agusta, wajen rabin buhu ke nan, ta kuma maido tun farkon girbi, ita da babban ɗanta suka kai a kan jaki. Ta miƙe ta ce ta biya. Sakatare ya ɗaga salula ya nuna wa jama'a ya ce ga shi nan, na'ura ba ta san da shi ba. Kun san yadda mutanenmu suke da abin da ya fito daga na'ura, musamman da aka ce ɗanta ne da ke jami'a ya yi ta. Wani ma cewa ya yi, in da ta biya ai da ɗan nata bai bari sunanta ya fito ba. An gaya mini ba ta ƙara cewa kome ba, ta ja mayafinta ta tafi gida.

Abin da ya cece ta kayen nan ne da muka zo mu yi wa ritaya. Dattijon bai yarda da mu ba tun farko, ya ci gaba da rubuta nasa a ɓoye. Washegari ya fito da shi, ga sunanta, ga tiya 20, ga dangwalen yatsanta. Baba ya kira ni. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Abin naku ya ci mutuncin ƴar uwata a gaban gari. Ka bincika.”

Kwana biyu ina zargin sakatare, ina zargin rezo, ina zargin abokina. Uwar kwamfuta tana da wata rajista da take rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa taga, da ranar da lokacin. Da na buɗe ta na bi layi-layi, sai ga shi: an kira /aiki?yi=goge&n=47 ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da ƴan mintoci na dare. Na koma hirarmu na duba saƙona. Minti ɗaya ne. Jikina ya yi sanyi.

Ga abin da ya faru. Kun lura in kuka aika wa wani adireshin intanet a hira, sai wani ɗan akwati ya fito da hoto da kan labarin? Don manhajar ta samo wannan, sai ta je ta leƙa adireshin da kanta, ba ta jiran kowa ya latsa. Tana da hujjarta kuwa. A ƙa'idar HTTP, wato yaren da na'urori ke magana da shi a yanar gizo, kowace buƙata tana zuwa da kalmar aiki a gabanta. GET na nufin ba ni in gani. POST na nufin karɓi wannan sabo ka ajiye. PUT da PATCH na gyara ne, DELETE na sharewa. An kuma yi yarjejeniya tun da daɗewa cewa GET kallo ne kawai, ba ya canza kome, don haka kowace na'ura tana da izinin leƙawa ba tare da ta tambaya ba. Ni kuwa na ɗauki wuƙa na rataye a ƙofar da aka ce ta kallo ce, ban kuma sa mata makulli ba don wai gwaji muke yi. Manhajar hira ta leƙa, tagata ta ga “goge”, ta goge. Biya na 47 na Gwaggo ne.

Daga baya na ji ba ni ne farau ba. A 2005 kamfanin Google ya fito da wata manhajar hanzarta buɗe shafuka, wadda ke riga mutum buɗe mahaɗan da ke shafi tun kafin ya latsa, sai masu wasu shafuka suka fara kukan bayanai na ɓacewa, saboda su ma sun sa sharewa a bayan mahaɗi na kallo. Wannan bai rage mini kome ba, sai dai ya nuna mini ramin tsoho ne, kuma an kafa masa alama, ni ne ban karanta ba.

Na kai wa malaminmu maganar ina jiran ya wanke ni tas. Ya karɓi takardar da na jera sunayen tagogin, ya daɗe yana kallo, ya ce, “In na mutu, kai ma ka tafi bautar ƙasa, wa zai gane wannan?” Na ce, “Mushe, ai na'ura ce ke karantawa.” Ya ce na'ura ba ta taɓa rubuta manhaja ta kira tagata ba, mutum ne ke zama ya rubuta, kuma mutumin nan baƙo ne kamar yadda na zo Birni da jaka a ka. Sannan ya ba ni ƙa'ida ɗaya ya ce in je in sake duka: adireshi sunan abu ne, ba umarni ba. Aikin da za a yi wa abin, kalmar HTTP ce za ta faɗa. Ya ce tunanin ya samo tushe daga kundin digirin digirgir da Roy Fielding ya rubuta a 2000 a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, a Amurka, wanda ya raɗa wa tsarin suna REST, ko da yake yawancin ƙananan al'adun da ake bi yau masu sana'ar ne suka tara su a hankali.

Na zauna na tambayi kaina, mene ne abubuwan da ke cikin bankin cimaka? Mambobi, basussuka, biya, sito. Shi ke nan. Sai adireshin suka fito da kansu. /mambobi shi ne dukan mambobi. /mambobi/12 mamba guda. /mambobi/12/basussuka bashin da ke kansa. /biya/47 biya guda, kuma adireshinsa ke nan ko kallonsa za ka yi ko share shi. In ka zo da GET a nuna maka, in ka zo da DELETE a tambaye ka kai wane ne tukuna. Abin da ke bayan alamar tambaya na bar shi don tacewa kawai, kamar /basussuka?shekara=2024&iri=dawa. Duka da ƙananan baƙaƙe, duka harshe ɗaya. Tagogi goma sha tara suka koma bakwai. Na aika wa abokina jerin ba tare da bayani ba, ya ce, “To ai wannan ko ban tambaye ka ba zan iya cinkar na gaba.” Daga ranar bai sake kirana da dare kan wannan ba. Sharewar ma a ƙarshe cire ta muka yi gaba ɗaya: biya ba ya gogewa, sai dai a soke shi a rubuta dalili, ya zauna ana ganinsa, kamar yadda dattijo ke jan layi a kaye ba ya yage shafi.

Inda muka yi gardama mai zafi shi ne wajen wuri. Abokina ya ce tunda wata rana wasu ƙauyuka za su shigo, mu jera adireshin kamar yadda gwamnati ta jera ƙasa: /nijar/zinder/mirriah/zermou, sannan ƙauye, sannan mamba. A ido yana da kyau, kamar ɗan makaranta yana rubuta adireshinsa a bangon kaye. Ni ma na so shi. Amma ku tuna, a 2011 an yanka gundumar Mirya, aka fitar da Damagaram Takaya da Takeita suka zama gundumomin kansu. Gidimuni da ke ƙarƙashin Mirya ta wayi gari a Damagaram Takaya, ba ta motsa ko taki ɗaya ba. Zermu ta zauna inda take, amma wa ya ba mu tabbacin gobe? Da wani ya gina adireshinsa a kan wancan jeri kafin 2011, da rabin tagoginsa sun zama ƙarya. Mai shayi gindin bedi ke nan. Ko abin da muke gani ba ya tashi, tashi yake: tsohon masallacin ƙasa na Birni, da aka yi fiye da shekara 150 ana kwatance da shi, ruwan sama ya kayar da shi a farkon Satumba 2024, muna garin nan.

Ga kuma rikicin rubutu. Zermu ko Zermou? Mirya, Miriya ko Mirriah? Zinder ko Damagaram? Duk wanda ka zaɓa, wani zai rubuta ɗayan, taga ta ce masa 404, wato ba a san wannan a nan ba. Sai muka ba kowane gari lamba da ba ta canzawa, /garuruwa/3, sunayensa duka da gundumarsa suka koma cikin bayanin da taga ke miƙowa, inda za a iya gyara su ba tare da an taɓa ƙofa ba. Ba mu muka fara wannan ba. A tsarin lambobin ƙasashe na duniya jiharmu NE-7 ce, ko ka kira ta Zinder ko Damagaram.

Za ku ce me ya sa garuruwa, ba ƙauyuka ba? A nan ne abin ya ɗan yi mini ciwo. Adireshin intanet an gina shi ne a kan baƙaƙen Ingilishi marasa ƙugiya. In ka sa ƙ, a hanya sai ta rikiɗe ta zama %C6%99, ɗ kuma ta zama %C9%97. Yana aiki, ba wai ba ya aiki ba, amma /ƙauyuka ya kan fito a rajista da wasu wurare a matsayin /%C6%99auyuka, kuma rabin salulolin da muke riƙe da su ba a sa musu allon rubutu mai ƙugiya ba. In kuma ka cire ƙugiyar ka shiga wata rigimar, don kasa daban ƙasa daban. Abokina ya ce mu huta mu yi da Faransanci. Na ƙi. Faransancin ma é ɗinsa haka take rikiɗewa, kuma wanda zai gaji aikin nan ɗan Damagaram ne, ya san tiya tun kafin ya san kilo. Muka tsaya a Hausa, muna zaɓen kalmomin da ba su da ƙugiya in akwai su. Sa'ar da muka yi, bashi da biya da buhu da sito duk lafiya lau suke. Ban ce wannan ita ce mafita ta har abada ba, kuma har yanzu ina jin kamar na bar baƙaƙenmu a waje na shiga biki.

Akwai dalili na biyu da ya sa na ƙi sa sunan mutum a adireshi, wanda ya fi na rubutu nauyi. Adireshi ba ya ɓoyuwa. Yana zama a tarihin salula, yana zama a rajista, ana kwafa shi a aika a hira kamar yadda na yi. Da a ce adireshin yana ɗauke da sunan Gwaggo da kalmar bashi a gefensa, duk wanda ya ari salular sakatare don ya kira wani ya gama sanin asirinta. Lamba ba ta faɗin kome. Sai dai kada ku ɗauka lamba makulli ce: wanda ya ga 12 ya san akwai 13. Dole taga ta tambayi mai ƙwanƙwasawa shaidarsa kowane zuwa.

Da na gama sabon tsarin, hannuna yana ƙaiƙayi in rushe tsofaffin tagogin nan masu ban kunya. Malam ya hana. Ya ce salular sakatare tana ƙauye da tsohuwar manhaja, sabuntawa kuma sai ya sami rezo mai ƙarfi da kuɗin forfe, wataƙila sai ranar da ya shigo kasuwar Dole. In na rushe yau, gobe ya buɗe ya ga wayam. Ya ce Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, ya yi wani ɗan rubutu a 1998 kan wannan kaɗai, cewa adireshi mai kyau shi ne wanda ba ya canzawa, kuma in ya mutu ba shi ya kashe kansa ba, mutane ne. Don haka na bar tsofaffin na kallo a buɗe, kowace tana amsa 301, wato sun tashi, ga inda suka koma, kamar tsohuwar nan da ta haɗa ni da yaro. Ta gogewa kaɗai na toshe a daren da na gano ta. Sababbin kuma na sa musu /v1 a gaba, don ranar da dole ta sa a sake fasali, a gina /v2 a gefe, mai tsohuwar salula ya ci gaba da shiga ta inda ya saba.

Hutun da ya biyo baya na je gida. Na sayi sukari da sabulu na tafi wajen Gwaggo, na same ta tana sussuka. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Gwaggo, abin da ya faru a taro laifina ne, ba na sakatare ba. Ki yafe mini.” Ta ce in tashi, ta kawo mini fura. Na fara yi mata bayani, wai akwai taga, akwai adireshi, na rubuta shi ba daidai ba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To yanzu sunana yana ciki ko ba ya ciki?” Na ce biyanta yana ciki, na maido shi da hannuna, amma sunanta ba ya bakin ƙofa, lamba ce. Ta tambayi lambar, na gaya mata. Ta maimaita sau biyu, ta ce za ta riƙe. Sannan ta ce in gaya wa dattijo kada ya yar da kayensa, ta ɗauki taɓaryarta.